Iya Aiki da Iya Koyarwa: Darasi ga Majami'unmu na Kudancin Kano

Darasin wannan wata na shirya shi ne domin kwamitocin majami'u, da katikis, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa a ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Ina roƙo a karanta shi a zaune, bayan sujada, a kuma fara da karanta Littafin Fitowa sura 35 daga aya 30 zuwa ƙarshe.

A wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore, inda nakan je yin Misa sau ɗaya a wata, akwai wani magidanci da ya shekara tara yana koyar da yara a rumfar da ke jikin majami'a. Babu wanda ya ɗauke shi aiki. Ya ga yara suna yawo ne, ya samo allo da alli, ya fara. Ladansa ɗan abin da iyaye suka kawo da kaka, wani kwanon masara, wani damin dawa. Yaran da suka bi ta hannunsa sun iya karatu da rubutu, wasu har sun gama sakandare. Da ranar ɗaukar malamai ta zo, aka ce kowa ya kawo takardunsa. Shi kuwa abin da yake da shi takardar gama sakandare ce kawai. Aka ɗauki wani daga nesa, wanda yake da takardar malanta. Mutumin nan ya tare ni a bakin mota, ya ce, "Fada, shekarun nan da na yi, sun tafi ke nan?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a ranar. A hanyar komawa na yi ta tunani, na ga cewa masu ɗaukar aiki doka suka bi. Mu da muka shekara tara muna cin moriyarsa, muna yabonsa a gaban jama'a, ba mu taɓa ce masa ya koma karatu ba, ba mu kuwa taɓa tara masa ko kwabo domin hakan ba, mu ne ya kamata mu ji kunya. Ni ma ina ciki.

Baiwa biyu a wurin Bezalel

Wanda ya karanta Fitowa 35 da natsuwa zai lura da wani abu da akan wuce shi da sauri. Sa'ad da za a yi alfarwa ta sujada, Musa ya gaya wa jama'a cewa Allah ya zaɓi Bezalel, ya cika shi da Ruhunsa, ya ba shi gwaninta a aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙar itace. Sannan a aya ta 34 aka ƙara wani abu dabam: Allah ya ba shi, shi da Oholiyab, ikon koya wa waɗansu. Da a ce iya aiki shi kaɗai ya isa mutum ya zama malami, da babu dalilin ambaton na biyun. Littafi Mai Tsarki ya lissafta su a matsayin baiwa biyu, kowace da sunanta.

Mun san wannan a ƙauyukanmu ko ba mu karanta ba. Akwai maƙerin da babu kamarsa wajen ƙera garma, amma yaro ya shekara biyar yana yi masa zuga bai iya ko lauje ba. Akwai kuma wanda hannunsa bai kai na farkon ba, amma duk yaron da ya zauna a maƙerarsa sai ya tashi da sana'a. Bambancin yana wurin koyarwa. Baiwar koyarwa kuwa, kamar kowace baiwa, ana renonta. Afolos mutumin Iskandariya gwanin magana ne, masanin Littattafai, yana kuma koyarwa da himma a Afisa. Duk da haka Bilkisu da Akila, waɗanda sana'arsu ɗinkin tanti ce, suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani a kan abin da bai sani ba, kamar yadda sura 18 ta Ayyukan Manzanni ta nuna. Afolos bai ce ya wuce a koya masa ba. Yana cikin aikin koyarwa ya karɓi ƙarin horo, ya ci gaba da aikinsa da ƙarfi fiye da dā. Abin da nake kira gare shi a wannan darasi ke nan: mutum ya ƙara ilimin koyarwa ba tare da ya ajiye allinsa ko kekensa na ɗinki ba.

Ikilisiya ba ta bar wannan magana a matsayin shawara kawai ba. Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta kan ilimin Kirista ta 28 ga Oktoba 1965, ta ce nasarar makarantar Katolika tana hannun malamanta, don haka a shirya su sosai, su kasance da takardun shaida da suka dace, su kuma san dabarun koyarwa na zamaninsu. Dokar Ikilisiya ta 1983, a lamba ta 806, ta ɗora wa masu kula da makarantunmu nauyin tabbatar da cewa karatun da ake bayarwa bai gaza na sauran makarantun yankin ba. Lamba ta 231 kuma tana da baki biyu, kuma ina so kwamitoci su riƙe duka biyun. Ta ce wanda ya ba da kansa ga wani aikin Ikilisiya wajibi ne ya nemi horon da aikin yake bukata. Ta kuma ce yana da hakkin samun lada mai kyau da zai riƙe kansa da iyalinsa. Mukan tuna da rabin farko in muna son yi wa malami faɗa, mu manta da rabi na biyu in lokacin biya ya zo.

Yadda takarda ta zama dole

Manyanmu sun tuna da zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, lokacin da duk wanda ya iya haɗa baƙi da wasali yake iya tara manya a gindin bishiya ya koya musu. Sun kuma tuna da 1976, shekarar da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka zata, malamai suka yi ƙaranci, aka ɗebi mutane da yawa da ba su da horo aka ba su aji. Domin gyara wannan ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna a wannan shekara ta 1976. Aikinta tun farko shi ne ta horar da malamin da ke bakin aiki, ta hanyar karatu daga gida, ba tare da an raba shi da ajinsa ba. Da ita ne dubban malamai suka sami takardar Gired Tu, sannan a 1990 ta fara ba da takardar NCE ta wannan hanya.

Daga nan ƙofa ta yi ta ƙuntata. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar da mutum zai shiga aji da ita, Gired Tu kuma ta zama tarihi. A 1993 aka yi dokar da ta kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda ta kasa malamai aji huɗu: masu digirin digirgir, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, da masu NCE, kowannensu da sharaɗin yana da horon koyarwa. Tun 2017 sai mutum ya ci jarrabawarta, wadda ake yi a kan kwamfuta, kafin a ba shi rajista. A wannan shekara ce kuma maƙwabciyarmu Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, ta sallami fiye da 21,000. Mutanen Doguwa, da suke cin kasuwa ɗaya da mutanen Saminaka, sun ga wannan da idonsu. Mutum zai iya samun ra'ayinsa game da yadda aka gudanar da abin, ni ma ina da nawa, amma ya nuna mana inda iska ta nufa. A Jihar Kano an ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta kuma dole a 2019, aka kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Duk lokacin da gwamnati ta tashi ɗaukar malamai bayan irin wannan sanarwa, takarda take tambaya. Haka ma jami'an da suke zuwa duba makarantu masu zaman kansu, waɗanda makarantun majami'unmu suke cikinsu.

Ya kamata mu tuna cewa mu ƙanana ne a shekaru. Sai a 1991 aka yanke Kano daga Kaduna a matsayin yankin mishan, ta zama cikakkiyar Dayosis a 1999. Yawancin makarantun ƙauyukanmu sun taso ne da ƙarfin masu aikin sa kai. Ba abin kunya ba ne cewa da haka muka fara. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mu dawwama a haka.

Hanyoyin da suke buɗe ga mai aiki

Ga wanda ya gama sakandare yake koyarwa a firamare, hanya mafi kusa ita ce ta NTI. Ana ba ɗalibi littattafan da aka rubuta domin ya karanta shi kaɗai a gida, sannan ya riƙa zuwa cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutun makarantu domin saduwa da malamai da yin jarrabawa. Sa'ad da aka fara shirin an tsara shi ne a kan shekara huɗu, alhali mai zama a kwaleji yana gamawa a shekara uku. Cibiyar tana da ofishi a kowace jiha, kuma daga can ne za a tambayi kuɗin makaranta, da tsawon karatu, da cibiyar da ta fi kusa, da yawan kiredit ɗin da ake nema a wannan shekara. Abu ɗaya da zan faɗa ba tare da shakka ba shi ne Ingilishi da Lissafi ne suke tare yawancin mutanenmu. Wanda ba shi da su, matakinsa na farko shi ne ya sake zama jarrabawar sakandare ta masu zaman kansu. Na san magidanta da suka ƙi yin haka domin kada a gan su a benci ɗaya da ƙannensu. Gemu ba ya hana ilimi, kuma kunyar wata biyu ta fi ta shekara ashirin sauƙi.

Wanda ya riga ya sami NCE yana son digiri, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana gudanar da karatun dogon hutu domin malamai, Jami'ar Bayero ma tana da sashen da ke kula da masu karatu suna aiki. Mu mutanen kudu Allah ya sa mu a tsakiya: daga Kwanar Dangora, zuwa Zariya da zuwa Kano kusan tafiya ɗaya ce. Akwai kuma 'ya'yanmu da suka yi digiri ko babbar difloma a fannin noma, ko lissafin kuɗi, ko injiniya, suka dawo gida suna koyarwa a sakandare. Waɗannan a idon doka ba su zama malamai ba tukuna, sai sun ƙara da diflomar koyarwa ta bayan digiri, wadda NTI da jami'o'i suke bayarwa, kuma ba ta da tsawo kamar sauran.

Maganar masu koyar da sana'a ta fi ɗaure kai, domin takarda biyu suke bukata, kamar baiwar nan biyu ta Bezalel. Ta farko ita ce shaidar cewa mutum ya iya sana'ar. Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya tana da jarrabawar sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, kuma aikin hannu ake dubawa. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a farkon shekarun 1990, tana yin jarrabawar fasaha da kasuwanci, tana kuma da zama na ƙarshen shekara domin waɗanda ba ɗaliban makaranta ba. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, ta shimfiɗa wani tsari na shaidar ƙwarewa inda mai tantancewa yake duba mutum yana aiki, ya auna abin da ya riga ya koya a shago, ya ba shi matakin da ya dace da shi. Wannan tsari ya dace da birkila da kafinta da tela da mai walda na ƙauye, waɗanda iliminsu yake a yatsunsu. Takarda ta biyu ita ce ta koyarwa, kuma a jiharmu Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Bichi aka kafa domin wannan aiki: horar da masu koyar da aikin katako, gini, lantarki, gyaran mota, noma, tattalin gida da kasuwanci. Ɗan Bebeji da ya gama Kwalejin Fasaha ta Bagauda yana da hanya miƙaƙƙiya zuwa can.

Kada wani ya ce takarda ta biyun ado ce. A farkon shekarun 1980, da aka kawo tsarin 6-3-3-4, gwamnati ta sayo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje ta raba wa makarantun sakandare. A wurare da yawa akwatunan sun shekara a ɗakin ajiya ba a buɗe ba har suka yi tsatsa, domin babu lantarki, babu kuma malamin da aka horar ya koyar da su. Mu ma mun yi irin wannan a ƙaramin mataki. Majami'u nawa ne masu taimako suka ba kekunan ɗinki, aka yi bikin buɗewa, aka ci shinkafa, yau kekunan suna jingine gizo-gizo ya yi musu saƙa? Sayen keke ya fi horar da malama sauƙi, shi ya sa muke fara shi.

Abin da ake koyo a can

Wani dattijo ya taɓa tambayata, ya ce, "To Fada, wanda ya shekara goma yana koyarwa, me kuma za a koya masa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta fi fitowa fili a shagon tela.

Ku dubi yadda yarinya take koyon ɗinki a yawancin garuruwanmu. Watannin farko shara ce da aike da renon ɗan uwar ɗaki. Daga baya a ba ta guga da sa maɓalli. In ta yi sa'a, a shekara ta biyu ta hau keke. Yanka kuwa, wanda shi ne zuciyar sana'ar, ana yinsa ne da sassafe ko bayan an sallami 'yan koyo, domin wadda ta iya yanka ta kusa buɗe nata shago. Babu wanda ya san ranar gamawa. Babu wanda ya zauna ya lissafa abin da ya kamata ta iya a wata uku, da abin da za ta iya a wata shida. Ba na cewa uwar ɗakin muguwa ce. Yadda aka koya mata take koyarwa. Horon malanta yana koya wa mutum ya warware sana'arsa gaɓa-gaɓa, ya fara da mai sauƙi, ya san abin da yake so ɗalibi ya iya kafin a tashi yau, ya nuna, ya bar ɗalibi ya gwada, ya yi haƙuri da yadin da za a ɓata, ya gyara kuskure ba tare da zagi ba, sannan ya auna ko an iya. Yana koya masa rubuta tsarin darasi da ajiye rajista. Yana koya masa cewa babba ba a koya masa kamar yaro: matar da ta haifi biyar ta zo ajin yamma da iliminta na duniya, in aka tsawata mata a gaban 'ya'yan cikinta ba za ta dawo ba. Yana koya masa lura da yaron da ba ya gani sosai ko ba ya ji sosai, wanda da can dakiki ake ce masa. Akwai kuma zangon gwajin koyarwa, inda malami daga kwaleji zai zauna a bayan aji ya kalli mutum yana aiki, ya gaya masa gaskiya. Yawancin malamanmu ba a taɓa yi musu wannan ba ko sau ɗaya. Mu firistoci ma a makarantar horonmu an sa mu yin wa'azi a gaban abokan karatu suna rubuta kurakuranmu, kuma ban manta zafin ranar ba, ban kuma manta amfaninta ba.

Ikilisiya tana da tsohon hannu a wannan aiki. Waliyyi Yohanna Baftis de La Salle, a Faransa, wajen ƙarshen ƙarni na 17, ya buɗe makarantar horar da malaman ƙauye a Reims, ya sa a koya wa yara karatu da harshen da suke ji maimakon Latin, ya kuma buɗe ajin ranar Lahadi a Faris domin samarin da suke aiki duk mako. Paparoma Piyus na 12 ya naɗa shi majiɓincin malamai a 1950. Waliyyi Yohanna Bosko kuma, a Turin ta Italiya, ya riƙa zuwa da yaransa wurin masu sana'a yana sa a rubuta yarjejeniya. Akwai wadda ya sa hannu a kai da wani kafinta a 1852, wadda ta ce a koya wa yaro sana'ar sosai, kada a sa shi aikin da ba na sana'ar ba, a gyara shi da magana ba da duka ba, a ba shi hutun ranakun idi, a kuma riƙa ƙara masa lada. Shekara fiye da 170 ke nan. Ina so in san shago nawa ne na 'yan majami'armu, daga Tiga zuwa Riruwai, zai iya cika waɗannan sharuɗɗa yau.

Wahalar da ke ciki, da abin da ya rataya a wuyanmu

Ba zan ɓoye muku ba, karatun mai aiki yana da wuya, kuma a wurinmu yana da wuya ta musamman. Dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina. Lokacin da ake jiran malami a Zariya ko a cibiyar karatu, shi ne lokacin da masararsa take neman taki da huɗa, shinkafar Tudun Wada take neman cirar ciyawa. Wanda ya bar gona a watan Agusta ya san abin da zai tarar a rumbu. Karatun ƙarshen mako kuma yakan ci karo da ranar kasuwa, wani lokaci har da Lahadi, ga katikis shi ne mai jagorar sujada inda babu Fada. Ga kuɗin mota, ga hanyar Falgore da ba a son bin ta da dare. Mace kuwa nata ya ninka: goyo, girki, da neman yardar maigida.

A nan ne nake ganin aikin majami'a. Kakanninmu sun bar mana gayya. In an san malamin makarantarmu zai tafi karatu mako huɗu, matasa su ware rana biyu su nome masa gona, kamar yadda ake yi wa marar lafiya ko surukin da ake nema wa yardarsa. A bikin godiyar kaka a ware buhu ɗaya ko biyu da sunan karatun malamai, a sayar da shi lokacin da hatsi ya yi daraja, kuɗin ya shiga littafi a gaban mutum uku. Zumuntar Mata ta sa malamar ɗinki cikin adashi, a ba ta ɗauka a watan biyan kuɗin makaranta. Kwamiti ya shirya wanda zai riƙe sujada ranar da katikis ba ya nan. Ga mazaje kuma ina da magana kai tsaye. Iyaye da yawa suna cire 'ya'yansu mata daga makaranta da zarar sun fara girma domin babu malama mace ko ɗaya a wurin. Wanda ya bar matarsa ta yi NCE ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan maƙwabtansa, har da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda 'ya'yansu suke zama benci ɗaya da namu.

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini: mu horar da shi, ya sami takarda, ya tsere birni ko ya koma aikin gwamnati. Hakan yana faruwa. Maganinsa yarjejeniya ce a rubuce tun kafin a ba da kwabo: majami'a za ta ɗauki kaza, shi kuma zai yi mata aiki shekara kaza bayan ya gama, in ya tafi kafin lokaci ya mayar da kaza. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Amma yarjejeniyar ta faɗi albashin da za a riƙa ba shi bayan ya gama, domin ba daidai ba ne mu ɗaure mai NCE da ladan kwanon masara. In kuwa ya cika shekarunsa gwamnati ta ɗauke shi ta tura shi makarantar ƙauyen da ke kusa, ban ga asara a nan ba. Yaran da zai koyar namu ne.

Sai gargaɗi biyu. Na farko, akwai masu buɗe cibiyoyin bogi, su ari aji a wata makaranta, su manna sunan wata kwaleji ta nesa, su ce za a gama NCE a shekara ɗaya ba tare da wahala ba. Hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ta sha rufe irin waɗannan. Araha ba ta ado. Kafin a biya kuɗi, mutum biyu daga kwamiti su je hedikwatar makarantar da kansu su tabbatar cibiyar tata ce, kuma kada a biya a hannun mutum sai ta hanyar da makarantar ta tsara, a karɓi rasit. Sayen takarda ko biyan wani ya zauna wa mutum jarrabawa kuwa zunubi ne da ake kai wa wurin ikirari, domin ƙarya ce da za a riƙa ci da ita kowane wata, yara kuma su ne za su biya bashin.

Na biyu ƙaramin abu ne da ya hana mutane da yawa shiga makaranta. A cikinmu akwai wanda sunansa na gida dabam, na katin baftisma dabam, na takardar firamare dabam, shekarar haihuwa ma kowace takarda da tata. A dā malamin rajista yakan kau da kai. Yanzu kwamfuta ce take dubawa, tana gwada suna da lambar shaidar ɗan ƙasa, in harafi ɗaya ya saɓa sai ta ƙi. Gyaran yakan ɗauki watanni, da rantsuwa a kotu, da zirga-zirga. Saboda haka kada a jira sai an fara sayar da fom. Haka kuma wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya nemi inda zai saba da ita tun yanzu, kada ranar jarrabawar TRCN ta zama ranar farkon haɗuwarsu.

Ga abin da nake roƙon kowane kwamiti ya yi kafin zuwana na gaba. A rubuta sunan duk mai koyarwa a ƙarƙashin majami'a, na firamare, na ajin manya, na ɗinki, na saƙa, na kafinta, har da masu koyar da katikisim. A gaban kowane suna a rubuta takardar da yake da ita, da wadda ta rage masa, da shekarun da ya yi yana aiki. Kowa ya zo da takardunsa na asali a jera su a kan tebur a duba ko sunayen sun yi daidai. Sannan a zaɓi mutum ɗaya, ko biyu in ƙarfi ya kai, wanda za a fara da shi bana, a kuma faɗi wanda zai bi baya domin kada a sami gunaguni. Magidancin nan na gefen Falgore ya riga ya yi rajistar sake zama Ingilishi da Lissafi, matasan ƙauyen kuma sun sa ranar da za su shiga gonarsa.